Wasiƙa Zuwa Ga Edita: 'Yan kasuwarmu masu zuwa Saigon, dan Allah ku fito daga otal ku ga gari

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu. Allah ya ƙara basira.

Na daɗe ina so in rubuto wannan wasiƙa amma hidima ba ta bari ba, sai yanzu da kakar yazawa ta wuce na ɗan samu sarari. Ni ɗan kasuwa ne, harkar ƙwallon kashu nake, muna saye daga wajen Kogi da Kwara da Oyo a shanya a zuba a buhu a loda a kwantena daga Legas, kuma mafi yawan kayan Biyetnam suke tafiya, don su ne kan gaba a duniya wajen fasa kashu da gyara shi. Wannan harka ce ta kai ni birnin Ho Chi Minh har sau uku, birnin da mutanensa har gobe sun fi kiransa da tsohon sunansa Saigon duk da an canja sunan tun 1976.

Abin da ya dame ni shine mutanenmu suna zuwa garin nan, masu kashu da masu saro kaya da takalma da gashin mata, mutum ya biya kuɗin jirgi mai tsada ya bi ta Doha ko Dubai ya kwana a hanya, ya je ya yi kwana goma, amma daga otal sai sito, daga sito sai kasuwa, daga kasuwa sai otal ya kwanta yana danna waya. In ya dawo ka tambaye shi ya garin sai yace maka babura ne kawai da zafi. Wallahi abin yana min ciwo. Nima zuwana na farko haka na yi kuma har yau ina jin takaicin wannan kwanakin. A zuwa na biyu ne aka samu jinkiri wajen gwajin ingancin kayanmu, aka ce mu jira kwana uku, sai yaron da ke mana tafinta yace Alhaji maimakon zaman ɗaki taso in zaga da kai. Wannan zagayen shi ya sa nake rubuto maka, don abin da na gani bai kamata in riƙe ni kaɗai ba.

Wurin farko da ya kai ni, kuma shi ne zan ce duk wanda ke da rabin yini kacal ya fara da shi, gidan tarihin yaƙi ne da ke titin Vo Van Tan, wato yaƙin da Biyetnam ta Arewa da mayaƙan da ke goyon bayanta a kudu suka gwabza da gwamnatin Biyetnam ta Kudu da Amurka ke mara wa baya, har arewa ta ci nasara a 1975. Tun daga bakin ƙofa za ka ga tsakar gidan cike da kayan yaƙin Amurka da aka bari, tankoki da igwa da jiragen yaƙi da jirage masu saukar ungulu, ga su nan a tsaye kana iya matsawa ka taɓa ƙarfen da hannunka. Anan mutane ke ta ɗaukar hoto suna dariya. Amma da ka hau bene sai ka ji surutu ya ɗauke, kowa ya yi tsit, Bature da ɗan Sin da baƙar fata duk kowa yana tafiya a hankali kamar an shiga gidan makoki.

Akwai ɗaki guda da aka ware wa gubar da ake kira Agent Orange, sunan ya samo asali ne daga ratsin fenti ruwan lemo da ke jikin durom ɗin da ake zubo ta. Daga 1961 zuwa 1971 sojojin Amurka sun yi ta fesa irin waɗannan sinadarai daga jirgin sama don ganyen daji ya zube su riƙa hango mayaƙa, kuma amfanin gona ya mutu kada mayaƙan su samu abinci. Dajin ya mutu, amma gubar ba ta tsaya a daji ba, ta shiga ƙasa ta shiga ruwa ta shiga jinin mutane. Hotunan da ke ɗakin nan na yara ne da aka haifa bayan an gama yaƙi, wasu ba hannu, wasu kai ya kumbura, wasu ido bai buɗe ba. Malam Edita ni uba ne, ina da 'ya'ya shida, na tsaya gaban hoton wata uwa tana wa ɗanta wanka a kwano, yaron ya kai shekarun balaga amma jikinsa bai fi na ɗan shekara biyar ba, ita kuma ta tsufa gashi duk furfura, abin da ya faɗo min a rai shine wa zai masa wankan ranar da ta mutu. Sai da na fita baranda na zauna na ɗan lokaci kafin in iya ci gaba. A ƙasa kuma akwai wasu masu nakasa da suke sayar da 'yan kayan hannu da suka yi, kaga ba labarin da ya wuce ba ne, mutanen suna nan da ransu.

Wani ɓangaren yana ba da labarin ƙauyen My Lai inda ranar 16 ga Maris 1968 sojojin Amurka suka kashe fararen hula, mata da yara da tsofaffi, a lissafin Biyetnam mutum 504. Akwai kuma ɗakin hotunan 'yan jarida da suka mutu a bakin aiki daga ɓangarorin biyu, wannan kai da abokan aikinka ya shafa, wasu hotunan ma su ne na ƙarshe da mai kyamarar ya ɗauka kafin harsashi ya same shi. A gefen ginin an kwaikwayi irin kurkukun tsibirin Con Dao da ake kira kejin damisa, ɗan ƙaramin ɗaki da ƙarafa a sama ta yadda mai gadi yake tafiya a kan fursunoni yana leƙo su, kusa da shi ga na'urar sare kai da Faransawa suka kawo zamanin mulkin mallaka.

Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗa, gidan nan labarin gwamnatin da ta ci yaƙi yake bayarwa. Ba za ka ga labarin mutanen kudu da aka tsare a sansanoni bayan 1975 ba, ko dubban da suka tsere ta teku a ƙananan jiragen ruwa da yawa suka halaka a hanya. Sunan gidan ma da farko yana ɗauke da kalmar laifukan Amurka ƙarara, a 1990 aka cire sunan Amurka, sai a 1995, shekarar da ƙasashen biyu suka maido da hulɗar jakadanci, aka ƙara sassauta shi ya koma na yanzu, wato War Remnants Museum. To mai hankali zai shiga da sanin haka. Amma hotunan ba ƙarya ba ne, yaran ma ba ƙarya ba ne. Amurka ta rasa sojoji sama da 58,000, su kuwa 'yan Biyetnam nasu a miliyoyi ake lissafi. Kuma abin da ya fi ɗaure min kai, a cikin masu kallon ranar akwai tsofaffin Amurkawa, na ga wani dattijo da sanda yana share hawaye, ma'aikaciyar wurin ta kawo masa kujera ta zaunar da shi cikin girmamawa. Na tambayi tafintana ko ba sa jin haushinsu, yace kakansa ya mutu a yaƙin amma su yanzu gaba suka sa.

Daga nan da ƙafa ma za ka iya zuwa Fadar 'Yanci, ba nisa. Ita ce fadar shugaban ƙasar Biyetnam ta Kudu, an kammala ta a 1966 a gurbin tsohuwar fadar gwamnan Faransa da aka jefa wa bam a 1962. Shugaban kudu na lokacin Ngo Dinh Diem ne ya sa a gina amma bai shige ta ba, an kashe shi a juyin mulkin 1963. Ranar 30 ga Afrilu 1975 tankokin arewa suka banke ƙofar ƙarfen gidan suka shigo, Duong Van Minh da bai fi kwana biyu da karɓar mulki ba ya miƙa wuya, yaƙi ya ƙare. Sun bar gidan yadda yake, kujerun zamanin da darduma da ɗakin taron ministoci da ɗakin kallon silima, a kan rufi ga jirgi mai saukar ungulu da wasu da'irori biyu ja da aka zana a inda bama-bamai suka faɗa ranar 8 ga Afrilun wannan shekarar. Ni dai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ne suka fi kama ni, lungu-lungu masu kaurin bango, taswirori a manne, tsofaffin wayoyin tarho da na'urorin rediyo jere a kan tebur, ga ɗan gadon shugaban ƙasa a ɗaki mara taga. Mutum mai sojoji dubbai da Amurka a bayansa, ga inda yake ɓuya. Duk mai riƙe da mulki da zai ga ɗakin nan da ya ƙaru.

Babban gidan waya da cocin Notre-Dame suna kallon juna, minti kaɗan daga fadar. Cocin Faransawa suka gama shi a 1880 da jan bulo da aka yi jigilarsa tun daga Faransa, duk zuwan da na yi yana cikin gyara an kewaye shi da ƙarafa, daga waje na tsaya na kalla na wuce. Gidan wayar kuwa ka shiga, an gama shi a 1891, rufinsa dogo mai baka kamar tashar jirgin ƙasa, tsofaffin taswirori biyu zane a bango, babban hoton Ho Chi Minh, jagoran arewa da aka sa wa garin sunansa, a can ƙurya, kuma ba wai gidan tarihi ba ne kawai, har yau aiki yake, na sayi kati na rubuta wa 'yata ta fari na jefa, na riga shi isowa gida amma ya iso kuma tana nan tana ajiye da shi. A gefen gidan wayar akwai ɗan titi da babu mota, shagunan littattafai ne zalla a ƙarƙashin bishiyoyi, yara 'yan makaranta zaune suna karatu.

Yanzu bari in zo kan abin da na san shi ne ke hana da yawan mutanenmu fita, wato sallah da abinci. Wannan damuwa ce ta gaskiya ba na raina ta, don naman alade ya yi yawa a abincinsu, har a burodin nan nasu na titi da ake kira banh mi ana shafa haɗin hanta da galibi na alade ne, romon taliyarsu pho ma ko da na saniya ne ba ka san wa ya yanka ba. Amma akwai mafita kuma a tsakiyar gari take. A titin Dong Du, lamba 66, akwai babban masallaci da Musulmi 'yan kudancin Indiya suka gina a 1935, manyan otal-otal sun kewaye shi sun rufe shi ta yadda in ba ka sani ba sai ka wuce, amma kana shiga ƙofa ka hau 'yan matakala hayaniyar babura sai ta koma nesa, ga wurin alwala ga baranda mai sanyi. Na yi Juma'a biyu a can. Sahu ɗaya za ka ga ɗan Maleshiya da ɗan Indonesiya da ɗan Pakistan da Balarabe da mu 'yan Afirka, sannan ga 'yan ƙasa, Musulmin ƙabilar Cham, da zanensu ɗaure a ƙugu da farar hula. Su Cham ɗin nan suna da tsohuwar daula mai suna Champa a gaɓar tekun tsakiyar ƙasar kafin a cinye ta, yanzu tsiraru ne, da yawansu asalinsu daga lardin An Giang ne wajen iyakar Kambodiya. Wani dattijonsu bayan an idar ya riƙe hannuna da hannu biyu, ba na jin yarensa ba ya jin nawa, nace Najeriya, ya maimaita, yace alhamdulillah, nima nace alhamdulillah, iyakar hirar kenan amma na fito raina fes.

Wani abu da zai ba ka mamaki a ranar farko, mu da muka saba cewa a fuskanci gabas, har mukan ce wane ba ya kallon gabas, to can alƙibla yamma take, ka kula kada sabo ya ja ka a ɗakin otal. Kuma suna gabanmu da awa shida, ka gyara agogo. Akwai wani masallacin da ya fi wannan tsufa, Al Rahim a titin Nam Ky Khoi Nghia, tun 1885, da wani kuma a unguwar Cholon. Abinci kuwa, kusa da masallacin Dong Du akwai gidajen abinci na halal, sannan a jikin kasuwar Ben Thanh akwai titin Nguyen An Ninh wanda saboda yawan baƙi 'yan Maleshiya ya zama kamar unguwarsu, shagunan hijabi da dogayen riguna da gidajen abinci masu alamar halal a jere, a nan na fara cin pho hankalina kwance, romon saniya mai ƙamshin kirfa da citta da ɗanyen ganye a gefe ka tsinka ka zuba da kanka ka matsa lemon tsami. Kofinsu ma kada ka bari ya wuce ka, su ne na biyu a duniya wajen noman kofi bayan Brazil, suna ɗiga shi ta ɗan ƙaramin gwangwani a kan madarar gwangwani mai kauri su zuba ƙanƙara, yana da ƙarfi sosai kada ka sha da daddare.

Ita kasuwar Ben Thanh an buɗe ta a 1914, hasumiyar agogon ƙofarta ita ce alamar garin. Ka shiga ka gani amma ni a ganina ta baƙi ce, farashin farko da za a faɗa maka ninki ne, to mu dai ciniki ba baƙonmu ba ne, ka taya ka juya kamar za ka tafi za a kira ka. Ɗan kasuwa na gaske kasuwar Binh Tay ya kamata ya je a Cholon, unguwar 'yan asalin Sin, nan ake sari, nan za ka ga yadda ake ɗaure kwalaye goma sha a bayan babur ɗaya, tana tuna min Kantin Kwari da Singa a haɗe. A unguwar akwai tsohon ɗakin bautarsu na Thien Hau da baƙi ke tururuwa, turare a murɗe kamar faifai rataye a sama yana hayaƙi, ni daga bakin ƙofa na tsaya na ga aikin ginin na juyo, wannan kowa da inda zuciyarsa ta natsu.

Amma in kana da yini guda cikakke, to ramukan Cu Chi, kada ka bar ƙasar ba ka je ba. Wajen kilomita 70 ne arewa maso yamma da gari, da cunkoso ka ƙiyasta awa biyu, ka fita da sassafe. Ramuka ne da mayaƙan sari-ka-noƙe 'yan ƙasar suka haƙa da 'yan gajerun fartanya da kwando, sun fara tun ƙarshen shekarun 1940 lokacin yaƙi da Faransa, suka faɗaɗa su a shekarun 1960, har tsawonsu gaba ɗaya ya kai kusan kilomita 250, hawa uku a wasu wuraren, da ɗakin taro da wurin jinya da rijiya da madafa duk a ƙarƙashin ƙasa, alhali jiragen B-52 suna ruwan bama-bamai a sama, har yau ga ramukan bam ɗin nan a daji ciyawa ta rufe su. Jagoranmu ya tsaya a wani fili da busassun ganye yace mu nemo ƙofa, mu kusan goma sha biyar muka duba muka rasa, sai ya sa ƙafa ya share ganye ga wani murfin katako da bai fi faɗin tiren shayi ba, ya ɗaga ya zura jikinsa ya ɗaga hannu sama da murfin ya nutse ya rufe, wurin ya koma kamar ba a taɓa taka shi ba. Ƙofofin shan iska kuwa a jikin abin da ya yi kama da surin gara suka ɓoye su. Madafarsu an yi mata doguwar hanyar hayaƙi mai ɗakuna ta yadda hayaƙin zai fita can nesa a hankali yana bin ƙasa kamar hazon safiya, jirgi ba zai gane ba. Ga tarkuna iri-iri na tsinin gora, ga takalman da suke yankawa daga tsohuwar tayar mota irin wanda mu ma muka sani a karkara.

An faɗaɗa wani yanki na ramin saboda baƙi, duk da haka a duƙe kake tafiya gwiwa tana gugar ƙirji, zafi da duhu da ƙarancin iska, akwai mafita a kowane ɗan taƙi ga wanda ya gaji. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ko asma kada ya shiga, ba dole ba ne, abin da ke sama ma ya isa kallo. Ni na yi 'yan mitoci na fito jiƙe da gumi ina tunanin mutanen da suka yi watanni a ciki, har haihuwa an yi a ciki. Da muka fito aka zaunar da mu a benci aka kawo abin da mayaƙan ke ci, Malam Edita ka san mene ne, dafaffen rogo ne da dakakkiyar gyaɗa da gishiri da ɗan sukari, da shayi. Turawan da ke tare da mu suna ta juya shi suna tambaya, ni kuwa ina kai wa baki sai na tuna rogo da ƙuli na ƙofar makarantarmu ta firamare. Da wannan abincin talakawan nan suka tsaya gaban ƙasar da ta fi kowa makamai. Abu ɗaya da bai min daɗi ba a wurin shine filin harbi da suka yi inda baƙi ke biyan kuɗi su harba bindiga, ƙarar tana cika dajin, a ganina wurin da mutane suka mutu da yawa haka bai dace da wasan harbi ba, kuma mu da muke jin ƙarar bindiga a gida ba mu da sha'awar biyan kuɗi mu ji ta.

Masu son kallon gari daga sama akwai dogon benen Bitexco da Landmark 81 mai tsawon mita 461, ni ban ga abin da ya kai kuɗinsa ba, na fi jin daɗin titin Nguyen Hue da yamma inda ba mota, iyalai da yara suna shan iska tun daga gaban tsohon ginin majalisar gari har bakin kogin Saigon, a nan kuma kana iya hawa jirgin ruwan haya da ɗan kuɗi kaɗan ka ga garin ta ruwa. Tun Disambar 2024 sun buɗe layin jirgin ƙasa na cikin gari na farko da ya tashi daga Ben Thanh. Wanda ke da ƙarin yini kuma ya je My Tho a bakin kogin Mekong, manomi musamman, ya ga ruwa da gonaki da kwakwa, ya tuna ƙasar nan a farkon shekarun 1980 abinci bai ishe ta ba, suka canja tsarin tattalin arziki a 1986 aka sakar wa manoma mara, zuwa 1989 sun fara fitar da shinkafa waje, yau suna cikin manyan masu sayar da ita a duniya.

Sai 'yan gargaɗi don kada wani ya ce ban faɗa ba. Tsallaka titi sai da dabara, babura ba sa tsayawa, ka shiga a hankali da taki ɗaya, kada ka ruga kada ka ja da baya, su za su kauce maka. Kada ka tsaya bakin titi da waya a hannu, masu fizge a babur suna nan, ka matsa jikin bango. Kuɗinsu dong sifili ya masa yawa, dala ɗaya ta haura dong 20,000, kuma takardar 500,000 da ta 20,000 launinsu ya yi kusa, dukkansu shuɗi-shuɗi, wani mai keken ɗaukar baƙi ya taɓa cuta ta da wannan da daddare, na miƙa babbar ya karɓa ya taka kekensa bai ce komai ba, abin ya ɓata min rai ƙwarai amma mutum ɗaya ne a cikin masu kirki da yawa da na haɗu da su. Ka raba manyan takardu da ƙanana aljihu daban, ka yi amfani da manhajar Grab don mota ko babur tunda farashi yana fitowa kafin ka hau. Damina daga Mayu zuwa Nuwamba take, ruwan yakan sauko da la'asar kamar da bakin ƙwarya ya ɗauke, to yawo da safe ya fi. Lokacin bikin sabuwar shekararsu Tet, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, kamfanoni da shaguna da yawa a rufe suke, ɗan kasuwa ya kiyaye. Kuma dan Allah a kiyaye dokar biza, kada a wuce wa'adi, abin da mutum ɗaya ya yi shi ke jawo wa na bayansa wahala a filin jirgi.

Roƙona gare ka Malam Edita, duk sanda ake maganar tafiye-tafiye a jaridunmu na Hausa Dubai ce da Turkiyya da Masar, alhali mutanenmu sun daɗe suna zuwa gabashin Asiya neman halal, kuma tsakanin Najeriya da Biyetnam akwai hulɗar jakadanci tun 1976. Ku ɗan ba da fili ga waɗanda suka je su riƙa rubuto abin da suka gani, da inda masallaci yake da inda ake samun abincin halal, don na baya su amfana. Ni ban taɓa zuwa Hanoi ko Hue ko Hoi An ba, ina son wanda ya je ya ba mu labari a wannan shafin, don in Allah ya kai mu kaka mai zuwa ina da niyyar ƙara kwana uku a kan tafiyata in hau arewa, kuma wannan karon da babban ɗana zan tafi, gidan tarihin nan na titin Vo Van Tan zan fara kai shi kafin ya ga sito ko ɗaya.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya bar zumunci.

Naku, mai karanta jaridarku a kullum, daga Kano.